Ƙarfe da sayanaid a jakar ƙarin ruwa: yadda suke buɗe jijiyar jini

Wata nas da ke aiki a sashen kulawa ta musamman ce ta aiko da tambayar. Ta ce an kawo musu wani dattijo da jininsa ya hau ƙwarai, likita ya sa aka ɗaura masa sodiyom naitrofurusaid, aka kuma naɗe jakar ruwan da takardar alminiyom. Da ta karanta takardar cikin kwalin sai ta ga ashe ƙarfe ne da sayanaid a cikin maganin. Tana tambaya: ta yaya guba ke saukar da jini, me ya haɗa ƙarfe da gudun jini, kuma har yanzu masu bincike ba su samo wanda ya fi shi aminci ba?

Malama, ba sayanaid ɗin ne ke saukar da jinin ba. Mai aikin wata iska ce da ake kira naitrik oksaid, NO a taƙaice, wadda atam biyu ce kawai, naitrojin ɗaya da oksijin ɗaya. Ƙarfen da ke cikin jakar shi ke riƙe ta ya kai ta cikin jini. Wani ƙarfen da ke cikin tsokar bangon jijiya ya karɓe ta. Na uku kuma, wanda ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, ya kashe ta. Idan kika gane waɗannan ƙarafa uku kin gane maganin, kin kuma gane abubuwa da dama da kike gani a gadon asibiti waɗanda a ido babu abin da ya haɗa su.

A cikin ruwa ko cikin jiki, atam ɗin ƙarfe ba ya zama shi kaɗai. Yana da caji da guraben da ke neman elektiron, saboda haka duk sinadarin da ke da rarar elektiron sai ya matso ya manne masa. Alfred Werner ne ya fayyace tsarin a Zurik a 1893, yana ɗan shekara 26, aka ba shi lambar Nobel a 1913. Ya nuna cewa ƙarafa irin su kobalt da baƙin ƙarfe suna da ƙayyadaddun gurabe, galibi shida: huɗu a kewaye, ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Ki ɗauke shi kamar fadar hakimi mai wurin zama shida. Wanda ya zauna yana sauya halin hakimin, hakimin ma yana sauya halinsa, kuma akwai baƙon da idan ya zauna sai wanda ke fuskantarsa ya tashi. Ki riƙe wannan na ƙarshe, domin a kansa duk maganar take.

A naitrofurusaid, sayanaid ne a gurabe biyar, NO a na shida. Lyon Playfair ya haɗa shi tun 1849, amma sai 1974 aka amince da shi a asibitocin Amurka. Muddin yana cikin kwalba a duhu, ƙarfen ya riƙe baƙinsa shida gam. Da ya shiga jini ya haɗu da himoglobin, wato furotin ɗin jajayen ƙwayoyin jini mai ɗaukar oksijin, da sinadarai masu sulfa, sai su ba shi elektiron ɗaya, riƙon ya sassauta, NO ta fita, sayanaid ɗin ma su bi baya. Haske ma yana wannan aikin, shi ya sa kuke naɗe jakar. Ruwan da aka haɗa daidai launinsa ruwan ƙasa ne mai haske sosai. In kika ga ya koma shuɗi ko kore ko ja jawur, ya lalace, a zubar.

To me NO ke yi idan ta fita? An daɗe ana amfani da ita ba a san ita ba ce. William Murrell ya fara ba masu ciwon ƙirji na zuciya naitrogilisarin a Landan a 1878, sinadarin da ake yin nakiya da shi, kuma Alfred Nobel da ya yi arziki da nakiyar an rubuta masa shi a ƙarshen rayuwarsa. Kusan shekara ɗari ana sa shi ƙarƙashin harshe kafin Ferid Murad ya nuna a 1977 cewa irin waɗannan magunguna NO suke saki, ita kuma ta tayar da wani enzayim, wato furotin mai gaggauta aikin sinadarai, a cikin tsoka. A lokacin ana ganin ai wannan aikin magani ne kawai. Babu wanda ya yi zaton jiki da kansa yana yin iskar da aka fi sani a hayaƙin mota.

Robert Furchgott, a Buruklin ta birnin Niyu Yok, shi ya buɗe ƙofar, kuma da babbar jijiyar zomo ya yi. Shekaru yana ganin asetilkolin, wani sinadarin isar da saƙo a jiki, na matse jijiyar a ɗakin gwaji alhali a jikin dabba mai rai buɗe ta yake yi. Daga baya ya gano cewa wurin yanka jijiyar da shirya ta ne suke goge siririyar shimfiɗar cikinta ba su sani ba, shimfiɗar da kaurinta ƙwayar halitta ɗaya ce tak. Idan aka bar ta lafiya, jijiya ta buɗe. Idan aka murza cikin da ɗan tsinke, ta ƙi. Shi da John Zawadzki suka wallafa wannan a 1980: shimfiɗar tana sakin wani abu da ke sa tsokar bayanta ta saki jiki. A wani taro a 1986, Furchgott da Louis Ignarro, kowa da nasa binciken, suka ce abin nan NO ne. Ɗaya daga cikin hujjojinsu na sinadaran ƙarfe ne zalla: himoglobin na kashe aikin abin nan kamar yadda yake kashe na NO. A 1987 Salvador Moncada da abokan aikinsa a Ingila suka auna NO tana fita daga ƙwayoyin shimfiɗar. Nobel ta 1998 ta tafi ga Furchgott da Ignarro da Murad. An bar Moncada, ɗan ƙasar Honduras, kuma ina cikin masu ganin ba a kyauta masa ba.

Enzayim ɗin da ke karɓar NO sunansa guwanilet saikiles. A cikinsa akwai zoben him, irin wanda ke cikin himoglobin: ƙarfe mai caji biyu a tsakiya, atam huɗu na naitrojin sun riƙe shi a kewaye. A gurbi na biyar, daga ƙasa, wani reshen furotin ɗin mai suna histidin ya kama ƙarfen. Na shida a buɗe yake. Jiki cike yake da oksijin, amma wannan gurbin ba ya riƙe oksijin ko kaɗan, an gina shi ne yana jiran NO. Da ta zauna sai abin da Werner ya koya mana ya faru. NO tana da elektiron guda da ba shi da abokin zama, kuma wannan elektiron yana raunana riƙon da ke ɗaya gefen ƙarfen. Igiyar da ke tsakanin ƙarfe da histidin ta tsinke. Tsinkewar nan ce saƙon. Furotin ɗin, wanda a da yake a lanƙwashe, sai ya miƙe. An ga wannan miƙewar da ido a 2019, lokacin da wasu masu bincike a Beijin da wasu a Bakili ta Kalifoniya suka ɗauki hoton enzayim ɗin gaba ɗaya da madubin elektiron. Da ya miƙe, aikinsa ya ninka fiye da sau ɗari, ya shiga samar da sinadarin cGMP mai isar da saƙon cikin tsoka, kalsiyom ya ragu a cikin tsoka, tsoka ta saki, jijiya ta buɗe. Kabon monoksaid ma yana iya zama a gurbin, amma ba shi da wannan elektiron ɗin, histidin bai tashi ba, aikin enzayim ɗin bai wuce ninki huɗu ba.

Buɗewar ba sai ta yi yawa ba. Jean Poiseuille, wani likita Bafaranshe, ya auna gudun ruwa a siraran bututu a shekarun 1840, ya gano cewa idan faɗin bututu ya ninka biyu, gudun ninki goma sha shida yake yi. Ƙarin kashi 19 cikin ɗari kawai a faɗin jijiya ya isa ya ninka jinin da ke wucewa. Idan ƙananan jijiyoyin jiki duka suka ɗan buɗe lokaci guda, zuciya ba ta tura jini da ƙyar kuma, awo ya faɗi. Shi ya sa naitrofurusaid ke aiki cikin daƙiƙoƙi, shi ya sa kuma ba a ɗaura shi sai da famfon ƙarin ruwa da awon jini ba tsayawa. Kina tsayar da shi, cikin 'yan mintoci aikinsa ya ƙare.

Ƙarewar da sauri haka aikin ƙarfe na uku ne, kuma a nan nake so mu daɗe, domin ya shafi marasa lafiyarmu fiye da na kowa. Babban mutum yana da ƙarfe giram uku zuwa huɗu a jikinsa, kusan kashi biyu cikin uku a himoglobin. Idan NO ta haɗu da himoglobin mai ɗauke da oksijin, nan take ta zama naitiret, ƙarfen kuma ya koma mai caji uku. Saurin wannan haɗuwa ya kai har masana suka yi ta mamakin yadda NO ke tsira ta isa tsoka alhali kogin himoglobin na gudana a gefenta. Amsar ita ce himoglobin a kulle yake cikin jajayen ƙwayoyi. Ƙwayoyin kuma idan jini na gudu tsakiyar jijiya suke bi, su bar siririn ruwa a jikin bango. Wannan kullewa da wannan tazara suna rage cin NO da ninki ɗaruruwa.

Yanzu ki tuna mai sikila. Jar ƙwayar mai lafiya tana kwana 120, tasa kwana 10 zuwa 20 ta fashe, wasu a cikin jijiya. Himoglobin ya zube a ruwan jini, furotin ɗin da ke kwashe shi, wato haptoglobin, ya ƙare, sai himoglobin ɗin ya isa jikin bango ya cinye NO tun ba ta kai tsoka ba. Christopher Reiter da Mark Gladwin da abokansu sun nuna haka a jinin masu sikila a 2002. Da wannan ake fassara hawan jinin huhu da gyambon ƙafa da miƙewar gaba mai zafi da ke addabar samarinsu. A Nijeriya, inda aka ƙiyasta ana haifar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara, wannan ba ilimin nesa ba ne. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ma yana fasa jajayen ƙwayoyi, kuma an auna ƙarancin NO a masu shi.

Hujja mafi ƙarfi kan illar himoglobin da ya zube yana cinye NO ta zo ne daga wani wuri daban. An yi ƙoƙarin yin jinin kanti, wato himoglobin zalla a jaka ba tare da ƙwayoyi ba, wanda ba ya buƙatar gwajin rukunin jini. An tsayar da gwajin ɗaya daga cikinsu, HemAssist, a 1998 saboda mace-mace. A 2008 Charles Natanson ya tattara gwaje-gwajen irin waɗannan, aka ga haɗarin mutuwa ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari, na bugun zuciya ya kusa ninka uku.

Amma fa kada ki ɗauka da an gane sinadarin an gama. A 2004 an ruwaito cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na manyan masu sikila suna da alamar hawan jinin huhu a hoton zuciya. Da Faransawa suka zura bututu suka auna kai tsaye a 2011, kashi 6 cikin ɗari suka samu. An gwada sildenafil, maganin ƙarfin maza da ke buɗe jijiya, a masu sikila, aka tsayar a 2009 domin ciwon ƙashi ya ƙaru. An gwada shaƙa musu NO lokacin tashin ciwo, sakamakon 2011 ya nuna bai rage tsawon ciwon ba. Ni dai abin da na ɗauka shi ne cinye NO gaskiya ne, amma ɗaya ne cikin masifu da yawa da ke faruwa a jijiyar mai sikila, kuma toshewar da lanƙwasassun ƙwayoyi ke yi ba ta jiran NO. Inda shaƙar NO ta yi rana shi ne jariran da jijiyoyin huhunsu suka ƙi buɗewa bayan haihuwa, an amince da ita a 1999. A can cin da himoglobin ke yi mata alheri ne: ta buɗe jijiyar huhu, tana shiga jini aka kashe ta, awon jinin sauran jiki bai faɗi ba.

Mu koma kan sayanaid ɗinki. Kusan kashi 44 cikin ɗari na nauyin maganin sayanaid ne, kuma shi ma ƙarfe yake nema. Ƙarfen da yake kamawa yana cikin enzayim ɗin da ƙwayoyin jiki ke ƙona oksijin da shi. In ya zauna a wurin, oksijin na nan a jini amma ba mai karɓa. Hanta tana da enzayim mai suna rodanis da ke haɗa sayanaid da sulfa ya zama tayosayanet, ƙoda ta fitar. Da shi jiki ke kare kansa daga ɗan abin da ya rage a rogo mai ɗaci bayan an jiƙa shi. Amma sulfar jiki tana da iyaka. Idan aka daɗe ana ba da fiye da maikrogiram 2 ga kowane kilo a minti, sayanaid ya fara taruwa. Iyakar ƙarshe maikrogiram 10 ce, kuma ba a wuce minti goma a kanta. Abin da za ki sa wa ido: mara lafiya ya fara rikicewa, asid ya hau a jininsa, ko kuma kina ƙara magani jini ya ƙi sauka. Wannan na ukun shi ke yaudarar mutane su ƙara buɗe famfo, alhali kiran likita ya kamata. Mai ciwon ƙoda kuma tayosayanet ne ke taruwar masa cikin kwanaki. Maganin gubar ma daga gidan Werner yake: haidroksokobalamin, wanda kobalt ne a tsakiyar zobe. Sayanaid ya fi son kobalt, ya koma can ya zauna, abin ya zama bitamin B12, ya fita a fitsarin da ya yi ja.

Kabon monoksaid kuwa kin san shi a sashen gaggawa, daga janaretan da aka kunna a baranda aka rufe ƙofa, ko kaskon gawayi a ɗaki lokacin hunturu. Yana riƙe ƙarfen himoglobin fiye da oksijin sau 200 zuwa 250, kuma in ya kama gurbi ɗaya cikin huɗun da ke kowane himoglobin, sauran ukun sai su ƙi sakin oksijin ɗinsu. Na'urar da kike maƙalawa a yatsa ba ta bambanta su, za ta nuna miki 98 mutum na mutuwa. A iskar ɗaki rabin gubar na ɗaukar kusan awa biyar kafin ya fita, da oksijin zalla kuwa awa ɗaya da 'yan mintoci.

Tambayarki ta ƙarshe amsarta ba ta da daɗi sosai. Magungunan da suka rage wa naitrofurusaid kasuwa, irin su labetalol da nikadifin, babu ƙarfe a cikinsu. Ga mai ciki da jininta ya hau ma labetalol ko haidralazin ko nifedifin ake bi, saboda tsoron sayanaid ga ɗan tayi. Masana sinadarai sun haɗa ɗaruruwan mahaɗan rutiniyom da manganis da ƙarfe waɗanda ke sakin NO idan an haska su, ba tare da sayanaid ba. Suna da kyau a takarda, amma har yau ba su shiga kantin maganin asibiti ba. A 2002 Roberto Motterlini da Brian Mann suka fito da mahaɗan ƙarfe masu sakin kabon monoksaid kaɗan-kaɗan, tunda jiki ma yana yin sa idan yana rusa tsohon him. An yi ta rubuce-rubuce a kansu, daga baya aka gano cewa fitattun cikinsu, masu rutiniyom, ba sa sakin iskar yadda aka zata, kuma wasu ayyukan da aka jingina wa iskar na rutiniyom ɗin ne da kansa. Duk takardar da kika karanta a kansu, ki duba ko sun gwada ƙarfen shi kaɗai.

Mahaɗin da ya fi cin nasara a harkar gudun jinin zuciya ba magani ba ne, na ɗaukar hoto ne. Sestamibi atam ɗin teknishiyom-99m ne, wani ƙarfe mai fitar da hasken da ido ba ya gani, da gurabensa shida a cike, daga aikin Alan Davison da Alun Jones a Boston, an amince da shi a 1990. Tsokar zuciya tana shan sa gwargwadon jinin da ke isa gare ta, kyamara ta ɗauki haskensa, wurin da jini bai kai ba ya fito da duhu. Rabin ƙarfinsa na ƙarewa cikin awa shida, abin da ya sa sai manyan cibiyoyi ke iya yin gwajin.

Magungunan da suka fito daga fahimtar enzayim ɗin kansa su ma akwai. Riosiguwat, na 2013, yana tura guwanilet saikiles ya yi aiki ko da NO ta yi ƙaranci, ana ba masu hawan jinin huhu. Berisiguwat ya biyo a 2021 don gazawar zuciya. A gwajinsa na mutum 5,050, kashi 35.5 cikin ɗari na masu shan sa sun mutu da ciwon zuciya ko an kwantar da su, a masu shan na bogi kuma 38.5. Amfani ne, amma ba na a-zo-a-gani ba. Sildenafil ta ɗaya ƙarshen yake bi, yana hana a rusa cGMP. Haɗa shi da naitrogilisarin ko naitrofurusaid na iya kifar da awon jini, kuma an sha samun sa a ɓoye cikin magungunan ƙarfin maza da ake sayarwa da sunan na gargajiya. Ki tambayi namiji wannan a keɓe kafin a sa masa komai ƙarƙashin harshe.

Gardamar da ba ta mutu ba ita ce ko himoglobin, ban da kashe NO, yana kuma raba ta inda oksijin ya yi ƙasa. Jonathan Stamler ya ce a 1996 himoglobin na ɗaukar ta a kan wani reshe mai sulfa ya sake ta a can. Ɓangaren Gladwin suka nuna a 2003 cewa ƙarfen himoglobin da ya sauke oksijin yana mayar da naitirayit ɗin cikin jini ya zama NO. Na fi karkata ga na biyun, ko don abin da ya biyo baya. Ganyaye irin su alayyafo da latas suna da naitiret da yawa. Jiki na tattara shi a miyau, ƙwayoyin cutar da ke bayan harshe su mayar da shi naitirayit, a haɗiye. A Landan a 2015, ƙungiyar Amrita Ahluwalia ta ba masu hawan jini kofi ɗaya na ruwan jan gwoza na Turai kullum tsawon mako huɗu, awon sama ya sauka da kusan 8, na ƙasa da kusan 4. Wannan ba ya maye gurbin ƙwayar hawan jini, balle jakar da ke sashenku. Ƙungiyar Ahluwalia ɗin dai ta kuma sa masu lafiya kurkure baki da kuloheksidin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, sau biyu a rana na mako guda, ƙwayoyin harshen suka ragu, naitirayit ɗin jini ya faɗi, awon jininsu ya hau da 2 zuwa 3.5.